Amsar Baba Sule ga Nura kan ƙirƙirar solo a jita

Assalamu alaikum jama'a. To Nura, ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, hidima ce ta hana ni amsawa. Ka ce ka kwashe shekara biyu kana kwaikwayon solo na mutane a YouTube, wato wurin da mai jita ke kaɗa nasa shi kaɗai a cikin waƙa, har ka iya su tsaf, amma da ka zauna za ka haɗa naka sai ko dai na wani ya fito, ko kuma yatsu su yi ta hawa da sauka ba kai ba gindi. Na gane. Ba kai kaɗai ba ne.

Abin da zan fara ce maka, ajiye jitar nan tukuna. E, ajiye ta. Matsalarka yatsunka sun riga bakinka. Duk inda suka saba bi nan za su kai ka, kamar jakin da ya san hanyar gida. Kunna kiɗan da za ka ɗora solon a kai, ka bar shi yana ta zagayowa, kai kuma ka rera da baki. Ko "la la la" ne. Ka ɗauka a waya. Abin da ya fito daga bakinka shi ne naka, sai daga baya ka je ka nemo shi a kan wayoyin jita.

Kuma mu Hausawa Allah ya ba mu abin da ba kowa ke da shi ba. Harshenmu yana da karin sauti, hawa da sauka, shi ya sa mai kalangu yake iya kiran sunan mutum da kirarinsa kowa ya gane. To me zai hana jita? Ɗauki "sannu da zuwa". Faɗe ta a hankali: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sannan ka ja ƙarshen. Ka lura ma, hawan na biyu bai kai na farko ba, muryar tana gangarowa ne a hankali. Wannan fa jimlar solo ce sukutum, kyauta. Ni yawancin abin da kuke ji ina kaɗawa magana ce nake yi a zuci. Wani lokacin kirari, wani lokacin ma ciniki ne na kasuwar Mai'aduwa, wallahi. Kar ku yi dariya.

Yanzu ɗauko jitar. Je ka gaɓa ta biyar a wuyanta, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan da suka gitta wuyan, ka ƙirgo daga kan jitar. Sautuka biyar nake so ka tsaya a kansu: A, C, D, E, G. A waya mai kauri ta sama, gaɓa ta 5 da ta 8. Wayoyi uku da ke biye, 5 da 7. Sirara biyu na ƙasa, 5 da 8. Shi ke nan. Kunnenmu ya saba da sauti biyar ɗin nan tun daga garaya da gurmi da goge, kuma a kansa 'yan Agadas da Abzinawan Mali suke tafiya. Kar ka ce sun yi maka kaɗan. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ɗaya tak, amma ya zaga duniya da ita. Kai kana da shida kana ƙorafi.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Wani biki aka gayyace mu nan cikin Daura, can wajen Kusugu, lokacin ina ji da kaina. Mawaƙi ya yi shiru ya ba ni fili, na shiga zuba gudu, yatsu kamar ana kora ta. Ina ɗago kai sai na ga matan da ke rawa sun tsaya cirko-cirko, wata ma har ta koma ta zauna. Mai kalangunmu, dattijo ne, bai ce mini komai ba sai da muka tashi. Ya ce, yaro, wa kake yi wa magana ɗazu? Na rasa amsa. Ban yi barci ba ranar.

Tun daga nan nake gina solo kamar waƙa da 'yan amshi. Ka yi jimla gajera, sauti uku ko huɗu. Ka yi shiru, ka bar ganga ta amsa. Ka maimaita jimlar yadda take, don kunnen mutane ya riƙe ta. A karo na uku ka canza mata wutsiya kawai. Sai a na huɗu ka haura sama, ka tura wayar G, ta uku daga ƙasa, a gaɓa ta 7 da yatsa har D ta koma E, ka riƙe ta tana rawa. In ka tura bai kai ba, kuka za ta yi irin na akuya, don haka fara taɓa gaɓa ta 9 ka ji inda za ka, sannan ka tura. Daga nan ka gangaro ka sauka a kan A, gida ke nan. In an juya kod, wato haɗin sautukan da kiɗan ke tafiya a kai, yi ƙoƙari ka sauka a sautin da ke cikin sabon kod ɗin, kunnenka zai gaya maka.

Maganar kwaikwayo kuma, ban ce ka daina ba. Amma in jimlar wani ta burge ka, kar ka ɗauke ta da kayanta. Ɗauki bugunta ka sa naka sautukan, ko ka riƙe sautukan ka sauya bugun. Sannan ka rage sauraron masu jita zalla. Nemi tsoffin kaset na goge da algaita, ka gwada fitar da abin da suke yi.

Af, ga kiran salla can. Nura, kafin Juma'a turo mini solo na daƙiƙa 20, sauti huɗu kacal, kuma ka faɗa mini maganar Hausar da ka ɗora shi a kai. In ka zuba gudu zan gane. A gaida su Hajiya.