Tambaya da Amsa: Mai Gyaran Keke a Ɗakin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gyaran keke nake yi a bakin wata makarantar sakandare a Funtuwa, kuma na ɗan taɓa kwamfuta. Shugaban makarantar ya roƙe ni in duba musu ɗakin kwamfuta saboda yaran da ke shirin JAMB. Wasu kwamfutocin sun ƙi buɗe shafukan intanet, wasu kuma ba sa haɗuwa da sauran sam. Wani ya ce in goge su duka in zuba sabon Windows. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai tukuna, ɗan'uwa. Kai ma ka sani, in taya ta sace ba sabon tub ake fara saya ba. Iska kake ba shi, ka tsoma a ruwa, ka ga inda kumfa ke tasowa, sannan ka ɗauko sholisho. Masu saurin cewa a goge, yawanci gudun bincike suke yi, kuma manhajar gwajin jarrabawar yaran za ta tafi a banza.

Fara da waɗanda suka ƙi buɗe shafi. Duba kwanan wata a ƙasan allo. Tsofaffin kwamfutocin makaranta na da ɗan batiri a ciki, zagayayye kamar kwabo, lambarsa CR2032. In ya mutu, da an ɗauke wuta agogon sai ya koma shekarun baya, shafukan da ke da tsaro kuma su ƙi buɗuwa don kwanan bai yi daidai da takardar shaidarsu ba. Canja batirin, ka gyara kwanan. Masu gyaran agogo ma kan sayar da shi.

Waɗanda ba sa haɗuwa kuwa, leƙa bayansu inda wayar da ke haɗa su da sauran ke shiga. In ɗan hasken da ke bakin ramin wayar ba ya ƙyaftawa, sauya waya da ta wadda ke aiki. Sau tari ɗan harshen robar da ke kan wayar ne ya karye, ko ƙurar hunturu ta cika ramin. In yana ƙyaftawa, buɗe cmd, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ipconfig. Ka ga lamba ta fara da 169.254? To rawuta, wato na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet, ita ce ba ta ba kwamfutar adireshi ba, sai kwamfutar ta ƙirƙira wa kanta. Kashe rawutar ka kunna, sannan ka rubuta ipconfig /renew.

In kuwa duk ɗakin ne ya tsaya lokaci guda, rabu da kwamfutocin, je wurin akwatin da wayoyi suka taru. Yara, da ƙiriniyarsu, kan cusa kai biyu na waya guda a cikinsa, saƙo ya dinga kewaya har komai ya cushe. Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka zare ta. Ka kuma tambayi shugaban ko datar ba ta ƙare ba, kafin ka kwance ko da noti guda.