Me ya sa aka fara sayen duro kafin jak?

Ka ce ba ka gane dalilin da ya sa kuɗin asusun gareji ya tafi ga duro da siminti ba, alhali jak ɗinmu ya tsufa, maƙwabta kuma a kwata suke tuttular da baƙin mai. To zauna, yaro, mu yi lissafi.

Ƙaramar mota idan aka yi mata juyen mai tana fitar da baƙin mai kamar lita 4. Motoci goma a rana, lita 40 ke nan, duro mai lita 200 ya cika cikin kwana biyar. Wannan man ba ya ɓacewa. Ƙasa ce ke shanye shi, damina ta tura shi ƙasa har ya tarar da ruwan rijiya. Ranar da matan unguwa suka ga maiƙo yana yawo a guga, wurin mai unguwa za a kai mu, kuma kuɗin tashi a nemi sabon fili ya ninka na jak sau nawa? Shi ya sa duk abin da za a saya, sai an tambaya: idan ya gama aiki, ina zai ƙare, wa zai biya?

Duron kan daɓen siminti zai zauna, da ɗan tudu kewaye don tare abin da ya zuba, bakinsa a rufe. Kada ka kuskura ka juye fetur ɗin wankin kaya ko man birki a ciki. Fetur yana jawo gobara, gaurayen mai kuma masu saye karya masa kuɗi suke yi. Filta ka kife ta a kan mazurari ta kwana, don akwai sauran mai a cikinta.

Batir ya fi ban tsoro. Dalma ce cikinsa da ruwan asid. Dalmar nan ce, daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Mataccen batir a tsaye ake ajiye shi, kan katako, cikin inuwa, ba a fasa shi, ba a tsiyaye ruwansa a ƙasa, har mai saye ya zo. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.

Jak kuwa, kuɗin baƙin man da za mu sayar ne zai sayo shi. Kafin nan, kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka kafa mata waigi.