Koroso da rawar Indiya a labarin yara: ta ina za a haɗa su?

'Yar'uwa, kin ce kina rubuta wa 'yan shekara 5 labarin wata Bahaushiya da ƙawarta Ba'indiya, kina son rawarsu ta haɗu ba tare da yara sun ruɗe ba.

Ni dai da ƙafa zan fara. 'Yan koroso na ɗaura akayau, masu rawar Baratanatiyam ta jihar Tamil Nadu su ma suna ɗaura ƙananan ƙararrawa a idon sawu. To ga mahaɗa! Bari kowace ta taka tata tukuna, yaro ya ji "kacau-kacau", ya ji "cin-cin", sannan su yi musanye, ɗaya ta kuskure taku, su fashe da dariya. Yaro ƙara yake riƙewa, bayani kan wuce shi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ce "rawar Indiya" kawai, alhali ta fim daban, wannan daban. Baratanatiyam a wuraren bauta ta samo asali, har motsin yatsu ma'ana gare shi, don haka kada ki ƙirƙiro na kanki. Nemi wadda ta koye ta ta duba miki hotunan da aka zana na labarin. Na koroso kuwa, leƙa Gidan Ɗan Hausa, gidan adana tarihi da al'adu a Kano, ki tambayi masu yin ta.