Kafin ka aika wa farfesan nan wasiƙa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, kana neman na uku a waje, kuma ka ci karo da wani farfesa a Google Scholar, shafin da ke tara maƙalolin masana, wanda aka ambaci ayyukansa sau dubbai. Tambayarka ita ce ko shi za ka liƙe wa. Bari mu ɗan zauna a kan lambobin nan tukuna.

Kusa da adadin ambaton da ka gani akwai abin da ake kira ma'aunin h, wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan an ce na mutum 40 ne, to yana da maƙaloli 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Ba ƙarya ba ce, amma ba ta faɗa maka komai da komai. Wanda ya tattara binciken wasu ya rubuta sharhi yakan kwashi ambato fiye da wanda ya shekara biyar yana auna yadda ruwa ke ratsa jigawa. Sannan lambar ba ta taɓa sauka, ko da mai ita ya daina taka gona tun kana firamare.

Duba Rattan Lal na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, wanda ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 2020. Maƙalarsa ta 2004 a mujallar Science, kan yadda ƙasa ke riƙe kabon, kowa a fagenmu ya san ta. Amma ina ya samo bakin magana? Daga 1970 zuwa 1987 yana Ibadan, a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA. Can ya yanka filaye a gangare, ya tara ruwan da ke gudu bayan kowane ruwan sama, ya auna ƙasar da ya ɗebo. Ya nuna cewa gonar da aka bar wa kara da ganye a kai, ba a kifar da ita da garma ba, zaizayarta kaɗan ce ƙwarai. Damina bayan damina a cikin taɓo, ita ta haifi lambobin da ake gani yau.

Ni kuwa da na fito, suna na bi. A wata jami'a, ba a ƙasar nan ba, na shiga hannun wani babba. Shekara guda cur, sau uku na zauna da shi, kuma a zama na biyu sai da ya sake tambayar sunana. Wata matashiyar malama ce, wadda lambarta ba ta kai rabin tasa ba, ta zauna da ni ta gyara min lissafin danshin ƙasa layi-layi. Don haka ka buɗe maƙalolin farfesan naka na shekaru biyar da suka wuce, ka ga sunan wa ke farko. In ɗalibansa ne, alama ce mai kyau. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi sau nawa suke ganin malam, su nawa suka gama a kan lokaci, kuɗin aikin fili kuma daga ina yake zuwa. A nan Holand mafi yawan masu digiri na uku ma'aikata ne masu albashi na shekara huɗu, saboda haka gurbi kan buɗe ne in akwai kuɗin wani aiki, ba don wasiƙarka ta yi daɗi ba.

Sai abin da ya fi damuna: ba ka faɗa min me kake son bincika ba. Kai ɗan Haɗejia ne fa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejia da Nguru ta sauya. Ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, kachala ta toshe hanyoyinsa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Ga ƙasa, ga tsirrai, ga ruwa duk a tambaya ɗaya, kuma ka san bakin kogin da ƙafarka. A gidan tarihin ƙasar noma da ke nan Wageningen akwai yankakkun ƙasa a tsaye jikin bango, daga sassan duniya, kowanne da launinsa hawa-hawa. Ranar da na fara shiga na daɗe a gaban wata ja mai tsakuwa, sai na tuna ramin da muke haƙa a bayan gida don yin tubali. Mutanen nan suna da na'urori. Wanda ya san wurin ne suke nema.

Ka fara koyon R, manhajar lissafin bayanai, da aikin taswira a kwamfuta tun yanzu, kyauta ne. Ka rubuta shafi ɗaya kan kachala da ruwan fadama, ka turo min in duba kafin ka aika wa kowa. A gaida Inna.