Tambaya da Amsa: Kwanakin Farko a Ƙasar Waje

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina cikin tawagar masu aikin bishara da aka tura ƙasar waje, kuma tun da muka sauka ba na samun barci, mutanen gari kuma gaisuwarsu gajera ce, har na fara zaton ba sa maraba da mu. Shin in yarda da abin da zuciyata take faɗa mini?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yanke hukunci tukuna, domin gajiya tana sa mutum ya ga abu ba yadda yake ba. Idan akwai bambancin lokaci tsakanin ƙasashen biyu, jiki yakan buƙaci kusan kwana 1 kan kowace awa kafin barci ya daidaita, shi ya sa fita cikin hasken rana da yawan shan ruwa suke taimakawa. Tun 1960 masanin al'adu Kalervo Oberg ya bayyana cewa baƙo yakan fara da ɗoki, sai ƙunci ya biyo baya, sannan ya saba a hankali.

Batun gaisuwa kuwa, wanda ya ɗaga miki hannu ya wuce da sauri, wataƙila shi ne zai kawo muku kujeru gobe ba tare da an roƙe shi ba. Abin da na fi jiye wa tawaga shi ne ta dunƙule wuri ɗaya tana magana da harshenta kawai. Ki koyi gaisuwar mutanen, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton kowa, musamman yara, kuma ki tambayi mai masaukinku ma'anar duk abin da ya ɗaure miki kai.