Ku Tambaya, Mu Amsa: Hanyar Yamai, Sallar Matafiyi da Barcin da Ya Ƙi Zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan kai mahaifiyata Yamai ganin likita. Ta haura shekara 65, tana da ciwon sukari, kuma ko Tasawa muka je sai ƙafafunta sun kumbura. Tun da aka sa rana hankalina bai kwanta ba. Yaya zan shirya? Daga wata baiwar Allah, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, babbar kar kan ci awa goma ko fiye idan aka haɗa da tsaye-tsaye da shingayen bincike. Yawancin abin da ke tayar wa matafiyi hankali a hanya, a gida ya baro shi, saboda haka ki gama shiri tun daren jajibiri.

Ki yanki biye, wato tikitin mota, da wuri, ki roƙi kujerar tsakiyar mota. Ta can baya tana kan taya, kowane rami sai ya tashi a ƙugun tsohuwa. Inna ta zauna ta gefen da ake wucewa don ta samu miƙe ƙafa. Daga kaka har ƙarshen sanyi rana ta kudu take bi, ku kuwa yamma kuka nufa, don haka ɓangaren dama ya fi inuwa. Sai dai tsakanin Dogon Dutsi da Dosso hanya ta karkata kudu, idan yamma ta same ku nan rana za ta leƙo ku, a ja labule.

Katin ɗan ƙasa, takardun asibiti, magani da waya su zauna a ƙaramar jakar da ke kan cinyarki. Duk abin da ya shiga cikin kaya a ƙasan mota, sai Yamai. Idan allurar insulin take yi, zafin wurin kaya yana kashe ƙarfinta. Ki naɗe ta a tsumma mai laima, kada kuma ki ɗora ta kan ƙanƙara, daskarewa ma ɓata ta take yi. Manyan kuɗi ki tura ta Nita ko Amana ki karɓa can, ki riƙe jika biyar ko shida canji-canji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsohuwa ta sha maganinta da asuba, sannan ta ƙi cin komai don gudun amai, ta ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Kafin a kai Madawa sukari ya faɗi. Alamarsa zufa mai sanyi, rawar hannu, jiri, ko ki ga maganarta ta fara rikicewa. Nan take ki ba ta ƙwayar sukari uku ta tsotsa, ki jira minti 15, idan ba ta dawo daidai ba ki ƙara uku, in ta farfaɗo ki bi da burodi ko abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a sa direba ya nufi asibiti mafi kusa. Akwai a Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Ruwa kuwa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, leda uku zuwa huɗu a wunin, sai fa in likita ya ƙayyade mata.

Kumburin ƙafa daga dogon zama yake. Duk inda aka tsaya ta sauka ta taka, ko da zagaya motar ne. A zaune ta riƙa ɗaga yatsun ƙafa tana saukewa, sau ashirin kowace awa. Kumburin ƙafa biyu da ya sace bayan kwana ɗaya ba abin tsoro ba ne. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, wannan kada a kwana da shi a gida.

TAMBAYA: Malam, direbobi ba sa tsayawa lokacin da muke so. Yaya zan yi da Azahar da La'asar? Kuma har kwana nawa zan yi ƙasaru? Daga wani ɗalibi, Tsibiri.

AMSA: A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar ƙasaru mil 48 ce, wato wajen kilomita 80. Damagaram, Ƙonni da Yamai duk sun wuce haka. Madarumfa ba ta kai ba. Azahar, La'asar da Isha'i su ne ke komawa raka'a biyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Ba ka fara ƙasaru sai ka bar gidajen gari a bayanka, saboda haka sallar da ka yi a tashar garinku cikakkiya ce. Idan ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ka cika salla tun daga isarka. In kuwa kullum cewa kake gobe zan koma, sai ka ci gaba da ƙasaru.

Batun haɗawa, idan rana ta yi zawali kuna tsaye, ka kuma san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwarta, ka yi Azahar ka bi ta da La'asar nan take. Idan zawali ya same ku kuna gudu, za a kuma tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ka jinkirta ka haɗa su can. Dabarar ita ce ka tambayi yaron mota tun da safe inda za a tsaya, ka riƙe alwala, ka ajiye ledar ruwa ɗaya don alwala kawai. Minti goman da direba ya bayar, layin buta ke cinye shi.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne. Wata uku ke nan da na kwanta sai lissafin bashi ya taso, wanda nake bi da wanda ake bi na. Ƙarfe uku na farka, shi ke nan. Ina zaman fada har sha ɗaya na dare. Wani aboki ya ce in sayi ƙwayar barci wajen masu talla. Me kuka gani? Daga wani Alhaji, Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, Allah ya warware, ya rufa asiri. Mu fara da butar shayin fada, don ita ce ba a zargi. Shayin nan da ake dafawa har ya yi kauri, na fari da na biyu musamman, yana ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, haka ma goro da Nescafé. Bayan awa biyar da sha, kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya kurɓa ƙarfe goma, ƙarfe uku ma shayin bai sake shi ba. Ka mayar da na ƙarshe kafin La'asar. Kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sa ka koma. Ka rage cikin mako guda. Fadar kuwa ba mu ce ka bari ba, hira da mutane magani ce, kofin kawai za ka bari ya wuce ka.

Lissafin da ke taso maka da dare, rashin wurin zama ne ya sa yake bin ka shimfiɗa. Ka ba shi lokacinsa. Bayan Magariba ka ɗauki littafi, minti 15, ka rubuta kowane bashi, nawa ne, na wane ne, sannan a gabansa abu ɗaya da za ka yi gobe: kiran wane, kai wa wane jika ashirin, roƙon wane ya ƙara maka mako biyu. Bashin da ba a rubuta ba ya fi girmansa a cikin duhu. Mai bin ka da kake ɓuya wa, ka riga shi kira. Sau da yawa shirun ne ke ɓata masa rai fiye da jinkirin.

In ka kwanta, waya ta yi nisa da hannu. Ka karanta Ayatul Kursiyyu, ka yi tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Aliyu lokacin kwanciya: Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. Kada ka yi shi da gudu kamar mai ƙirgar buhu. Ka shaƙi iska a hankali, ka fitar da ita a tsawon da ya fi na shaƙar, domin dogon fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. Idan ka kai kamar minti ashirin kana juyi, tashi ka zauna kan tabarma cikin ƙaramin haske, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Rama barci bayan Asuba har hantsi shi ke lalata daren gaba. Ƙailula kada ta wuce rabin awa.

Ƙwayar masu talla kuwa, a'a. Galibi dangin diazepam ne, cikin ƴan makonni jiki ke sabawa, sai ka ƙara, ranar da ka bari kuma rashin barcin ya dawo ya fi na da. Ga shi ta wuni a tire cikin rana, ba ka san abin da ke cikinta ba.

Abu ɗaya ya tsaya mana a wasiƙarka, farkawar ƙarfe uku har wata uku. Idan tare da ita abinci ya fita ranka, kasuwa da iyali duk ba sa yi maka daɗi, abin ya wuce mako biyu a jere, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa a asibiti. Wannan ba raunin imani ba ne. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa zo maka, ka faɗa wa wani na jikinka yau, ku je likita tare.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara shida ko Gidan Rumji ba ma kaiwa sai ya yi amai. Daga wata uwa, Bagalam.

AMSA: Idonsa na ganin cikin mota a tsaye, kunnensa na ciki na jin motsi, saɓanin nan ke tayar masa da zuciya. Ki zaunar da shi ta gaba-gaba inda zai hango hanya, ki karɓe waya daga hannunsa. Kafin tashi ya ci abu marar maiƙo, kamar koko da ɗan burodi, ƙosai ya jira sai an sauka. Idan aman ya yi yawa, ki jira minti goma, sannan ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari cokali-cokali: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.