Bargon Inna: Amsa Ga Ɗiyata

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso ni, na karanta shi sau biyu, sannan na ɗauko tabarau na zauna da hoton da kika haɗo, na daɗe ina kallo. Ki gaida min maigidan naki da yara.

In na fahimce ki, abu uku ke damunki. Tun da babanki ya rasu, Allah ya jiƙansa, bargon ƙyallayen da Inna, kakarki, ta harhaɗa da hannunta ya dawo wurinki. Kina son sanin ko a al'ada ɓoye irinsa ake yi ko a ci gaba da lulluɓa da shi. Kina tambaya ko ki wanke shi, tunda yana warin ajiya. Sai kuma shawarar ƙannenki, cewa a yanka shi gida huɗu kowa ya ɗauki nasa, wadda kika ce ranki bai kwanta da ita ba.

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ba ta da gyara in an aikata. Kada ki bari almakashi ya kusance shi. Zaren da Inna ta bi da shi ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan, ya haɗe fuska da audugar ciki da shafin baya. In aka yanke shi a tsakiya, kowane yanki zai fara warwarewa daga inda aka yanka. Kuma aikinta ai ba ƙyallayen ba ne, jerin ne: wanne ta sa kusa da wanne. A gidanmu ba a taɓa lissafa bargon nan cikin kayan rabo ba. Da Inna ta rasu babanki ya ɗauke shi ne saboda ɗakinsa ya fi na kowa bushewa, ba don ya fi mu hakki ba. Mai riƙe shi amana yake riƙewa. Ƙannenki suna da gaskiyarsu, kewar uba ce ke cinsu, kuma akwai rabon da za ki ba su wanda ba ya buƙatar almakashi. Shi ne abin da ba ki tambaya ba, kuma shi ya fi gaggawa.

Mu biyu kacal muka rage a duniya da za mu iya ɗora yatsa a kan ƙyalle mu ce wannan daga rigar wane ya fito: ni da Baffanki. Yadi yana iya ƙara shekara hamsin in an kula da shi. Mu kam ba mu da wannan alkawarin. Don haka kafin sabulu, kafin akwati, ki ɗauko littafi da biro.

A hotonki, dubi kusurwar da ke hannun dama daga sama. Shuɗin nan mai siraran fararen layuka, rigar Baba ce, kakanki, wadda yake fita aiki da ita har wuyanta ya cinye. Ƙasa da shi kaɗan akwai ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni, wannan rigata ce ina yarinya, na yi kuka ranar da aka yanka ta. In kika juya bayan bargon kika bi ɗinkin da ido, za ki ga yawancinsa ƙanana ne, a jere kamar haƙoran tsefe, amma wajen gefe ɗaya sai su fara girma suna karkacewa. Nan ne idon Inna ya fara rauni. Ni nake zura mata zare a allura, ita kuma tana lalube da ɗan yatsa tana ɗinkawa. Wanda bai sani ba zai ce sakaci ne, har ya yi tunanin farkewa ya gyara. Kin ga dalilin da ya sa sai an rubuta.

Na taɓa karanta labarin wata mata a jihar Jojiya ta Amurka, Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a 1837. Ta ɗinka bargo mai gida 11, kowane gida da hoton wata ƙissa, har da ta Adamu da Hauwa'u da ta Habila da Ƙabila. An nuna shi a wani baje koli a 1886, wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta nemi saye, ta ƙi. Bayan wasu shekaru talauci ya matsa mata, ta sayar mata a kan dala biyar. Amma kafin ta rabu da shi sai da ta bi gida-gida tana bayyana ma'anar kowanne, malamar kuma ta rubuta. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, kuma saboda wannan rubutun ne aka san sunanta da abin da take nufi. Barguna nawa ne irin nasa ke ajiye a gidajen tarihi, an rubuta a jikinsu cewa ba a san mai ɗinkin ba? Wannan asarar ce ta sa a 1981 wasu a jihar Kentaki suka fara kiran jama'a su kawo bargunan gidajensu a auna, a ɗauki hoto, a rubuta labarinsu, kowa ya koma gida da abinsa. Daga baya sauran jihohi suka bi sahu. Abin da suka yi da ƙungiya, ke za ki yi shi a tsakar ɗakinki.

Ki shimfiɗa farin zanen gado mai tsabta a ƙasa, ki baje bargon a kai, hannuwanki a wanke, babu mai babu zobe. Ki zana taswirarsa a takarda, ki ba kowane ƙyalle lamba. Ki rubuta cikakken sunan Inna, shekarar haihuwarta da ta rasuwarta, tsawon bargon da faɗinsa da santimita, da hannuwan da ya bi har ya zo gare ki. Duk inda ya yage ko ya yi tabo ki sa alama. Ki kira ni ta bidiyo, ki kunna rikoda, ki bar ni in yi ta surutu. Abin da zan faɗa a gefen zance ya kan fi wanda kika tambaya amfani. Abu ɗaya nake roƙonki: ki raba abin da muka gani da idonmu da abin da muka ji an ce. In na ce miki "an ce", ki rubuta "an ce". Shekarar da aka gama shi ma kada ki yarda da zato. Bargo ba ya girme wa ƙyallen da ya fi kowanne sabunta a jikinsa, don haka in kin gano ƙaramin cikinsu kin sami iyakar lissafi.

Hoto ki ɗauka da rana, a inuwa, ba tare da filasha ba: gaba ɗaya, baya ɗaya, sannan kusa-kusa, da tef ɗin awo a gefe. Ki wanke hotunan a takarda, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Ki yi kwafi huɗu na littafin da hotunan. Rabon ƙannenki ke nan. Daga nan ki yanki ɗan akoko wankakke, ki rubuta sunan Inna da shekaru a kai da alƙalamin da tawadarsa ba ta zuba, ki ɗinke shi a kusurwar baya, allurar tana kama shafin kaɗai. Kada ki rubuta a jikin bargon kansa, kada ki sa fil, kada ki sa gam.

Maganar wanki kuwa, da ciwo a raina zan faɗa miki. Barguna biyu Inna ta bari. Ƙaramin yana hannuna, kuma ni na lalata shi. Na ji yana wari, na jiƙa shi a ruwan zafi da garin sabulu, na cuɗa, na murɗe, na shanya a igiya. Jan da ke ciki ya zuba ya rine duk fararen, nauyin ruwa ya ja ɗinkin ya ɓalle, audugar ciki ta dunƙule guri-guri. A yini ɗaya na yi masa abin da shekaru ba su yi masa ba. Har yau in na buɗe shi sai na yi shiru.

Warin ajiya iska yake so. Ki shimfiɗa shi a inuwa a kan zane, ki rufe da wani zanen, ya wuni, ki juya shi. Ƙura kuma, ki ɗora ɗan gidan sauro a kansa ki bi da injin zuƙe ƙura a mafi ƙarancin ƙarfinsa, ragar za ta hana shi jan zare. Yawanci wannan ya isa. In har dauɗar ta kai sai an wanke, ki fara gwada kowane launi: ki danna farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai, ki ɗaga ki duba. Ko launi ɗaya ne ya fito, wanki ya haramta. Haka in akwai siliki ko ulu a ciki, ko wani wuri yana marmashewa. Wannan sai masu gyaran tufafin tarihi, irin waɗanda ke aiki a gidajen adana kayan tarihi. In duk ya tsallake, to ruwan sanyi, baho mai faɗi, sabulu mai laushi marar bilic marar turare, da zane a ƙarƙashinsa. Tafin hannu za ki riƙa dannawa, ba cuɗa. Ki ɗauraye har ruwa ya fita garau, ku biyu ku ɗaga shi da zanen nan, a bushe shi a kwance. Injin wanki da dutsen guga ba nasa ba ne. Tsohon tabo kuma ki ƙyale shi, ya riga ya zama ɗan gida.

Na lura a hoton baƙaƙen ƙyallayen sun fi sauran cinyewa. Ba ɓera ba ne. Tsofaffin rini na baƙi da ruwan ƙasa sau da yawa da sinadarin ƙarfe ake kama su, shi ke cin zaren a hankali. Kada ki cire su ki sa sababbi. Ki rufe wurin da lallausar raga, ki kama ta da ƙananan ɗinki a kan layin haɗin, ki rubuta a littafi cewa ke kika yi, ranar kaza.

Wajen ajiya, leda ita ce babbar maƙiyiya: tana tsare danshi, fumfuna ta tsiro. Katako tsirara yana fitar da tsami mai sa yadi ya yi ruwan ƙasa, akwatin ƙarfe yana tsatsa, jarida tana bar masa tawada. Ki naɗe shi a wankakken zanen auduga. In kina da gadon da ba a kwana a kai, shimfiɗa shi a can ki rufe, babu abin da ya fi wannan. In dole sai an ninke, ki cusa ɗan lallausan yadi a cikin kowane ninki don kada ya karye, kuma duk wata shida ki warware ki sake ninkewa ta wani layin dabam. Masu gidajen tarihi suna riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, domin in ya haura 65 fumfuna ta samu gida. Ke ba ki da ma'auninsu, amma kin san bangon da ke jiƙewa da damina, kin san ƙasan rufi inda zafi ke taruwa. Ki nisanta shi da su. Rana kuma abin da ta koɗar ba ya dawowa. Kafur kada ya taɓa jikinsa, ga shi guba ne ga yara. In kika ga alamar asu, nan kaɗai leda ke da amfani: ki ɗaure shi a ciki yana bushe ƙayau, ya yi mako biyu a firiza mai sanyin da ya kai digiri 18 na Salsiyas ƙasa da sifiri ba yankewa, in kin fito da shi ki bar shi kwana ɗaya kafin ki kwance.

Saura tambayarki ta farko. Inna don sanyi ta ɗinka shi, ba don kallo ba, dukkanmu mun kwana a ƙarƙashinsa, kuma da tana nan da ta ce a lulluɓa wa yara. Amma ya tsufa, ba zai jure shure-shuren barci ba. Ban kuma yarda a kulle shi har jikokinta su girma ba su san shi ba. Ranar da za ki sake ninki, ki mai da ita ranar fito da shi: ki kira ƙannenki, yara su wanke hannu su zauna kewaye, ki buɗe littafin ki karanta musu suna nunawa da yatsa. In kuma lulluɓar kike marmari, rigunan babanki suna nan. Ki yanka su ki fara naki, zan nuna miki yadda Inna take kama baki.

Ranar Asabar da hantsi ina gida, ki kira ni, mu fara daga shuɗin kusurwa. Koren da ke tsakiya ki bar lambarsa babu rubutu tukuna. Ni na ce labulen ɗakin Inna ne, Baffanki ya rantse zanen da aka naɗe babanki ne ranar da aka haife shi. Ki je ki same shi a makon nan, ki ji daga bakinsa, ki rubuta duka biyun.

Gwaggonki.